Ragunan da Baba Soja Ya Ƙi Yankawa

Shekarun baya na sayar wa gida ɗaya raguna biyu, na uku kuma na ƙi sayarwa da gangan. Wanda ya san ni ya san ba halina ba ne in ga ciniki in kau da kai. Da tumaki biyu na fara sana'ar nan, ɗaure a gindin darbejiya a unguwar Dabokpa cikin Tamale, ba wanda ya ba ni jari, kuma ɗan abin da na tara da ƙin sakin ciniki na tara shi. Amma a wancan karon abin da ke ƙasa ya wuce kuɗin rago. Tsoho ne guda ɗaya, da 'ya'ya huɗu a warwatse, da 'yan Sallolin da suka rage masa a duniya. Maganar ita ce ko ɗaya daga cikin huɗun zai zo ya yi Sallah da shi kafin su ƙare.

A Nyohini gidansa yake. Duk unguwa Baba Soja ake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Kakansa falke ne da ya biyo ayarin goro ya zauna a Tamale, zuri'arsu duk 'yan kasuwa, shi kaɗai ya bauɗe ya shiga soja tun gemu bai fito masa ba. Ya zaga barikoki kudu da arewa, an tura shi ƙasashen waje aikin kiyaye zaman lafiya, ya yi ritaya da igiya uku a hannu. Ba ya labarin yaƙi. In ka matsa masa sai ya ce, "Sanyi ne da kifin gwangwani, sai jiran wasiƙa." Abin da dai kowa ya sani shi ne duk tafiyar da ya yi waje, in ya dawo sai ya ƙara ɗaki ɗaya a filinsa. Ya ce shi ya gaji da ɗaukar yara daga bariki zuwa bariki kamar kayan gwanjo, kowannensu sai ya sami ƙofar da zai ce tasa ce.

Mutum ne da maza ke yi wa dariya a bayan ido. Shi yake wanke kayan makarantar yaransa, ya goge su da dutsen guga na gawayi, har karin wando ya kusa yanka hannu. Shi ya koya wa 'yar autarsa tuƙa babur a filin ƙwallo, yana bin ta a guje da tsufansa. Da matarsa ta kwanta ciwon da ya ɗauke ta, 'yan uwanta mata sun zo za su karɓi jinya, ya ce su zauna su huta. Shi ya dama mata koko, shi ya juya ta a shimfiɗa, har ranar da aka fita da ita. Yaran kuwa ya tsaya musu sai da kowa ya kama abin yi. Babban yana aiki a tashar jiragen ruwa a Tema, biyu suna Kumasi, autar tana aikin jinya a ƙasar waje. Ya gina musu ɗakuna, ya kuma gina su yadda ba za su zauna a ciki ba.

Ni ta wajen ragon layya na san shi. Duk shekara in Babbar Sallah ta matso sai ga shi a kan kekensa, kaftani ya sha guga, ya jingine keken ya sa hannu a baya ya bi layin raguna kamar mai duba fareti. Ya buɗe bakin wannan ya duba haƙora, ya danna gadon bayan wancan.

"Wannan ko mai gadin kasuwa ba za a ɗauke shi ba," in ji shi. "Ɗan kasuwa, me kake ba su, iska?"

"Baba, taya dai."

Sai ya taya abin da ko akuya ba za ta saya ba, in ce albarka, ya hau kekensa ya tafi. Washegari ya dawo. In aika a sayo mana koko da ƙosai, mu zauna a benci mu ci gaba daga inda muka tsaya. Wani lokaci sai mun kwana biyu a kan rago ɗaya, kuma kullum a ƙarshe sai in ga ya matse ni fiye da kowa. Ni da nake taƙama ba a cin ribata, tsoho mai fansho ya yi ta wasa da ni shekara da shekaru. Bayan Sallah kuma shi da kansa yake tsayawa a soya naman, a zuba rabon kowane yaro a ɗan bokiti mai murfi, ya kai sitasha ya ba direbobin lori.

Shekarar da ta biyo bayan rasuwar matarsa, babban ɗan ya kira ni.

"Alhaji, mun yi shawara da ƙannena. Baba ya tsufa da yawon kasuwa a rana. Ka zaɓi ragon da ya fi kowanne, ka kai masa har gida. Faɗi kuɗin in turo maka ta waya."

Na faɗa, bai rage ko sisi ba. Na ce a raina, Allah Ya ba kowa 'ya'ya irin waɗannan. Na zaɓi wani dogon fari daga cikin waɗanda aka sauko da su daga Burkina, na ɗora shi a keken kaya mai ƙafa uku, na raka shi da kaina.

Na tarar da tsohon yana share tsakar gida. Ya ajiye tsintsiya, ya zagaya ragon, ya buɗe bakinsa, ya danna bayansa. Ya daɗe yana neman aibi bai samu ba.

"Nawa?"

"An biya, Baba. Yaranka ne."

"An biya," ya maimaita. Sannan ya ce, "To, ritaya ta biyu ke nan. Allah Ya yi musu albarka."

Ya kawo mini ruwa na sha, na tafi ina jin na yi aikin lada kuma na ci riba, abin da ba kasafai yake haɗuwa a rana ɗaya ba. Shekarar nan bai taka kasuwa ba. Na lura bencina ya yi mini faɗi, amma lokacin ciniki ne, ban tsaya tunani ba.

Da shekara ta zagayo, babban ya sake kira, aka sake yin yadda aka yi. Na kai rago na biyu. Ina shiga gidan sai na ga an kafa 'yar rumfar kwano a gindin mangwaro, ƙasanta a share tas, ga kwanon dusa ga na ruwa. A turke kuwa dogon farin nan ne, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninku. Dillali ba ya manta dabbar da ta bi ta hannunsa.

"Baba, wannan ba ragon bara ba ne?"

"Idonka bai lalace ba."

"Ba ka yi layya ba ke nan?"

"Na yi. Na hau keke na je ƙauye wajen wani abokina Badagombe, na sayi ɗan daidai fanshona. Shi na soya na aika musu. Ba wanda ya ce ya ji bambanci."

"Ka tsallake ni ka tafi ƙauye."

"Da na zo wajenka da sun ji. Bakin dillali ba shi da ƙyaure."

Abin ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Na ce to wannan fa, ajiyar me ake yi masa?

"Yarana ba su sami zuwa ba, sun turo wakili," in ji shi. "Inda na yi aiki, in babba ya turo wakili, kujera ake ba shi. Ba a yanka shi."

Na yi dariya. Shi ma ya ɗan motsa baki, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Muna cikin haka wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Autar ce. Sai na ga tsoho ya miƙe tsaye ya gyara kafaɗa, kamar tana ganinsa.

"Lafiya ƙalau nake. Ragon ya iso, ga shi nan kamar saniya. A'a, kada ki zo. Kuɗin jirgi ba wasa ba ne. Ki riƙe aikinki. Ki faɗa wa yayyenki su ma kowa ya tsaya a bakin aikinsa, wanda ya bar aiki don nama ba ni na haife shi ba."

Ya kashe wayar, ya koma ya zauna a hankali, yana dafa gwiwa.

Na ce, "Baba, da kunnena na ji ka hana ta zuwa."

"Oda na ba su."

"To in kana son ganinsu, ka ba su wata odar mana. Ka ce su zo."

"In na ce su zo, gobe da asuba dukansu suna sitasha. Haka na rene su. Amma ka ga wannan ni na kawo su, ba su suka zo ba." Ya miƙa wa farin ragon ɓawon rogo. "Jira nake in ga wanda zai karya odar."

Ni mutumin lissafi ne, wannan lissafin bai shiga kaina ba. Na tambaye shi ko shi ya taɓa karya oda a rayuwarsa.

"Sau ɗaya. Ranar da aka haifi babban. An hana kowa fita daga bariki, aka aiko mini haihuwa ta zo da gardama. Na tsallake katanga. Da na dawo aka kulle ni a gadurum, aka cire mini igiya ɗaya, sai da na yi shekaru kafin in maido ta." Ya kalle ni. "Kai ɗan kasuwa ne. Ban taɓa sayen abu da araha kamar ranar nan ba."

"Sun san wannan labarin?"

"Kwamanda ba ya faɗa wa yara ya taɓa tsallake katanga."

"Ni ma odar ta hau kaina? Kada in faɗa?"

Ya ɗaure sabon ragon kusa da na farko, ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "Kai ba sojana ba ne," in ji shi.

Daga nan na riƙa leƙa shi ranar Juma'a bayan masallaci, in ɗaura damin harawa a bayan babur in ce ragowa ce, ya ce ya san dillali ba ya da ragowa, ya karɓa. A nan na ga yadda yininsa yake. Da safe ya kwance ragunan ya bi da su gefen titi, shi a gaba su a baya, maƙwabta suna yi masa dasiba, gaisuwar safiya ta garin, yana amsawa. Ya dawo ya yi musu wanka da sabulu. Ya sayi tuwo wajen mai abinci a bakin hanya, ya zauna kusa da rumfar ya ci, yana yi musu magana jefi-jefi. Ɗakunan yaran a rufe, sai dai ya buɗe tagogi su sha iska ya mayar. Masu neman haya sun yi ta zuwa, ya ce ɗakunan da masu su. Yana jin daɗin zuwana, na sani, amma ban taɓa ruɗin kaina ba. In an taɓa ƙofa yakan ɗago kai da sauri, in ya ga ni ne sai ya ce, "A'a, ɗan kasuwa," da fara'arsa, kafaɗun kuma su sauka.

Shekara ta uku babban ya kira kamar kullum. Na riga na yanke shawara.

"Bana ba ni da ragon da zan sayar maka."

"Alhaji, ko kuɗin ne ya tashi? Faɗi kawai."

"Raguna cike da turke. In kana so ka zo ka zaɓa da hannunka, ka ja shi zuwa gidan ubanka. Biyun da ka saya suna nan da ransu, bai yanka ko ɗaya ba."



"Baba ke nan," in ji shi. "Ko kiwo yake son farawa? Sai mu ƙara masa tumaki."

"Ba kiwo yake so ba. Ku yake so."

"Shi ya ce kada mu zo. Shekaranjiya ma ya maimaita mini. Alhaji, da girmanka, ba ka san Baba ba. Ina makarantar kwana na taɓa gudowa gida saboda kewa. A bakin ƙofa ya tare ni, ko ruwa ban sha ba, ya ɗora ni a keke ya mayar da ni sitasha. Mahaifiyata tana kuka bai waiwaya ba. In na bar aiki na zo yanzu, kallon da zai yi mini na san shi."

Sai na ba shi labarin katanga, yadda aka ba ni. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya, ba ta raini ba, irin ta wanda aka gaya wa rago ya yi ƙwai.

"Baba? Katanga? Alhaji, ka haɗa shi da wani."

Ya ce bana an riga an raba hutu a wurin aikinsu, amma baɗi in Allah Ya yarda zai duba. Ya yi mini godiya da ladabi. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Abin da aka shuka a cikinsa shi ya tsiro.

Ranar Sallah da yamma na ɗebi nama na nufi Nyohini. Na tarar da tsohon zaune a ƙofar gida cikin farin kaftani, fuskarsa wajen titi. A tsakar gida igiyar shanya cike da zannuwan gado, sun bushe ba a kwashe ba. A rumfa kuwa raguna uku. Na ukun wani baƙi-da-fari ne, ban san shi ba. Ashe babban ya sami lambar wani dillali a Gumbihini, an kawo ranar jajiberi.

"Da na ga lokacin kawowarka ya wuce ba ka zo ba," in ji tsohon, "sai na ce ko an karya odar, suna tafe. Na wanke zannuwa."

Na zauna kusa da shi muka kalli masu wucewa, mata a kan babura da yara a gaba da baya, kowa da sabon ɗinki.

"Wanda ya kawo wannan bai iya zaɓe ba," ya ce can. "Ƙafar baya tana da rauni. Da kai ne ba za ka kawo mini shi ba."

Wannan ce Sallarsa ta ƙarshe. Bayan damina wata safiya maƙwabciyarsa ta ji ragunan suna ta kuka rana ta ɗaga ba a fito da su ba. Aka shiga aka same shi a kwance, numfashi da ƙyar. A hanyar asibiti ma cewa yake kada a tayar wa yara hankali, zazzaɓi ne. Matar nan ba a bariki ta girma ba, ta ɗauki wayarsa ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Na Kumasi sun iso ya riga ya cika, ana yi masa wanka. Babban ya kwana a hanya, ya iso an dawo daga maƙabarta. Wasu tsofaffin sojoji sun zo, 'yan kaɗan, da hulunansu da lambobin yabo a kan kaftani, suka jeru a ƙofar gida suka sara masa. Kafin addu'ar bakwai autar ma ta sauka. Ranar ce na fara ganin tagogin gidan duka a buɗe da mutane a bayansu.

Babban ya ja ni gefe zuwa rumfar. Ya daɗe yana kallon dogon farin, wanda ƙahonsa ya murɗe har ya kusa taɓa ido.

"Alhaji, za ka karɓe su? Ba mai kula da su in mun koma."

Na gaya masa gaskiyar sana'a. Farin ya tsufa, ya wuce lokacin kuɗinsa, namansa ya yi tauri. In na saya zan saya ne a wulaƙance, kuma ba na son in yi wa dabbobin nan tayi. Na ce gobe addu'a, jama'a za su taru, a yanka su sadaka.

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Maganar katangar nan..." bai ƙarasa ba.

Na ce, "Yadda ya faɗa mini na faɗa maka. Ba ni da wani shaida."

Washegari aka yanka su. Ni na riƙe ƙafafun farin. Na yi shekara da shekaru ina juya dabbobi, ban taɓa ganin kofato mai tsabta irin nasa ba. Aka dafa, unguwa ta ci, 'ya'yan huɗu suka zauna a tabarma ɗaya a tsakar gida da kwano a gabansu. Naman ya yi tauri kamar yadda na faɗa. Suka yi ta tauna.

Yanzu rabin cinikina na Sallah ta waya ake yinsa. Yara a kudu da ƙasashen waje su turo kuɗi, in kai wa iyaye har gida. Ban daina karɓa ba, ina da bakunan da nake ciyarwa, kuma na gwada ƙi sau ɗaya na ga iyakarsa. Sai dai in an gama magana nakan ce, "Kai fa, za ka zo?" Yawanci dariya suke yi su ce aiki. Ɗana na fari yana karatu a Kumasi yanzu. Rannan ya kira yana tambaya ko ya zo hutu, na ji bakina ya fara cewa kada ya wahalar da kansa da kuɗin mota. Na tsaya, na ce masa ya zo, ina son ganinsa. Maganar ta yi mini nauyi a baki kamar ina roƙon bashi, shi kuwa ina jin ya ɗauka ba ni da lafiya.

In na zauna na auna abin nan, ga yadda yake fita. Yaran sun biya raguna uku, ba a yi layya da ko ɗaya ba, kuma sun bi umarnin ubansu har ƙarshe, ba mai cewa sun saɓa masa. Tsohon ya riƙe girmansa bai roƙi kowa ba, ya biya da Sallah uku shi kaɗai. Ni na saki ciniki ɗaya, abin da na saya da shi kawai wankin zannuwa ne da na sa tsoho ya yi a banza. Biyun farko kuwa na ci ribarsu cif, halaliyata. Duk ta inda na juya lissafin, ni kaɗai na fita da riba a cikinmu, kuma tunda nake kasuwa ban taɓa cin wadda ta yi mini kaɗan kamarta ba.